Iskar Kwanar Brooklyn

Motar tseren ta ƙwace a kwanar bakin ruwa, daidai inda wani tsoho ya nuna.

'Yarsa ce ta zana fiffiken da ke danne motar a ƙasa, da iliminta na ƙera jirgin sama da alƙaluman kwamfuta na wata shida. Da safe, da mahaifin nata ya sauke ta da tasinsa a filin tseren, ya ce, "Uwata, iskar kwanar nan juyawa take bayan azahar." Ta yi dariya, ta ce wa abokan aikinta wani mai tasi ne kawai.

Yanzu ga shugabanta, wanda ya ji gargaɗin, ya nemo tsohon cikin 'yan kallo, ya nuna masa ita. "Ka san ta ne?"

Ta kasa ɗaga ido. Tsohon ya daɗe yana dubanta.

"Fasinjata ce, yallaɓai."