Robar Jan Takarda

"Haba Baba, wannan robar jabu ce," in ji mai gyara. "Nan da nan za ta suɗe, injin kwafin ya sake daina jan takarda. Ga ta asali."

"Saka jabun," in ji tsohon masinjan.

Tun da robar injin ta cinye, aikinsa ke nan a ofishin: yana tsaye yana tura takarda ɗaya-ɗaya da hannu. Da tsayuwar nan yake ciyar da jikokinsa marayu.

Wata ya wuce, injin yana ta zuƙar takarda da kansa. Manaja ya ga Baba zaune, ya sallame shi.

A bakin ƙofa ya ci karo da mai gyara yana washe baki.

"Ai ta asalin na saka a ɓoye, Baba. Tausayinka na ji, don ka huta."