Ranar da Na Zama Auta

Mu biyar Inna ta haifa a Tawa, zamanin Nasara, duka mata, kuma wajen haihuwata ta kusa rasa ranta. Ina da shekara biyar Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Barmu da wani jiƙo a ƙwarya. Har yau ina jin warinsa, kamar ɗanyar fata a majema.

Bayan la'asar ne, Baba na tufkar igiyar rijiya, ina miƙa masa kaba.

Gwaggo ta ce, "A ba matarka ta sha, ko Allah ya kawo muna ɗa namiji, mu samu Tanko. Wa za shi riƙe maka gona in ka tsuhwa?"

Baba bai ɗaga kai ba. "Yaya, na kusa gina kabari garin neman Tanko. Ba ni sakewa." Sai ya miƙo mini hannu. "Auta, ba ni kaba."

Ba a taɓa kirana haka ba. Na waiga ina neman mai sunan. Gwaggo ta riga ni ganewa, ta ɗauki ƙwaryarta.

Gonar kuwa, ni na nome ta har Baba ya rasu. Yau jikokina ma Auta suke ce mini, ban taɓa hana su ba.