Ɓerayen Jirgin Auta

Ɓeran farko da Auta ya ritsa ranar, da bakin filafilin tuƙi ya fasa masa kai. Na biyu ya so ya shige ƙarƙashin buhu, ya take shi da diddige har sai da ya ji ƙashi ya yi ƙaras. Na uku ya tsere da rabin wutsiya, Auta ya raka shi da zagi har bakin rami.

Wata biyu ke nan da ruwa ya janye, aka ja jirgin aka kife shi a rumfar bayan gida a kan turaku huɗu. Jirgin katako ne, gadon mahaifinsa, shi kaɗai ne ya dawo ranar da kogi ya ci uban da babban wan Auta. Da shi Auta yake fiton mutane, da shi ake ɗora tukunya a gidan. In ruwa ya dawo jirgin bai shiga ba, sai dai ya koma dako a kasuwa, abin da ya rantse ba zai yi ba ko za a yanka shi.

Ya yi duk abin da masu jirgi suke yi. Ya naɗe turakun da gwangwani mai santsi don kada a hau. Ya toshe ramuka da siminti da fasassun kwalabe. Ya kawo kyanwa, ta kwana uku ta ga aikin ya fi ƙarfinta, ta ƙara gaba. Daga nan ya fara sayen maganin ɓera, irin wanda mai shago ya ce ko jaki ya lasa ba zai ga la'asar ba.

Maganin kam, mahaifiyarsa ce ta karɓe.

"Kawo nan, Auta. Kai da ba ka san wanke hannu ba? So kake in rasa na uku?"

Ita take kwaɓawa a ɗakinta. Kullum da hantsi sai ta fito da kwano, ta bi mahaɗar katakon tana shafawa, daidai inda aka cusa tsumma da kwalta don kada ruwa ya shiga. Ta ce nan suke fara ci, to nan ya kamata su tarar da ajalinsu. Auta har tausayinta yake ji, tsohuwa da ciwon gwiwa tana rarrafe a ƙarƙashin jirgi.

Amma ɓeraye sai abin da ya yi gaba. Ƙatta, masu sheƙin gashi, ba ko kunyar rana. Suka zare tsumman kaf, suka faɗa wa katakon. Kowace safiya gari ne a ƙasa kamar kafinta ya yi aiki. Gawar da Auta yake kwashewa kuwa, duk wadda ya kashe ce da hannunsa.

Mutum in ya rasa wanda zai kama, sai ya leƙa gidan maƙwabci. Bayan katangarsu akwai injin niƙa, buhunan dusa jibge har rufi. Sau biyu Auta yana yi wa Mai-inji magana. Mai-inji, abokinsa tun suna yawo ba wando, ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan'uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Ran na uku Auta bai yi magana ba. Ya shiga da leda cike da gawar ɓeraye, mata na layi da kwanukansu, ya juye ta a bakin injin yana cikin aiki. Gari ya fito ja. Mata suka watse da salati. Mai-inji ya ɗauke shi da mari, Auta ya kai masa karo a baki, haƙora biyu suka zube a kan siminti. Mai-inji ya laluba sufana ya sauke masa a goshi. Suka yi ta birgima cikin dusa da jini, Auta ya kama kunnensa da haƙori ya ƙi saki, sai da maza huɗu suka ɓamɓare shi.

Da ya dawo gida, jini na bin idonsa, bai tsaya wankewa ba. Ya wuce rumfa, ya danna babban yatsa a cikin jirgin don ya gwada. Yatsan ya ɓulla ta ɗaya gefen. Nan ƙaton mutumin ya zauna a ƙasa ya yi kukan da rabonsa da shi tun ranar jana'iza.

Kafinta ya zo ya duba. Ya ce katako biyu za a iya canzawa kafin ruwa ya dawo, amma in suka ƙara mako guda suna ci, sai dai a yi itacen girki da shi.

Tsohuwa tana ɗaure masa goshi, ya ce, "Inna, gobe ki ninka maganin."

"Zan ninka, ɗan nan."

Washegari da hantsi ta sakaya ƙofar ɗakinta. Ta tura ƙunshin maganin ƙarƙashin gado, wajen 'yan'uwansa bakwai da ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ta kwaɓa gyaɗa da busasshen kifi da mai, kwano biyu. Goshi zai warke, amma kogi ya ci mata mutum biyu, ba za ta ba shi na uku ba. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta ƙara sukari.