Duwatsun Ranar Talata

Dutsen ya sake rugurgujewa a kan injin girgiza, kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa. Ya'ƙub ya kashe injin, ya tsaya yana kallon ɓaraguzan.

Aikinsa ke nan a wani ɗakin gwaji a unguwar Abbasiya, a ƙasar da ya je karatu, cikin shekarar 2013. A kawo masa duwatsu daga gangaren da ke kusa da filin da za a gina tashar nukiliya a bakin teku, ya girgiza su, ya faɗi ko gangaren zai jure girgizar ƙasa. Digirinsa na uku da tallafin da ke ci da iyalinsa duk a kan wannan suka rataya. Ba a ba baƙo irinsa izinin taka filin, don haka direban ɗakin gwajin, Hussain, wani Bahaushen Sudan, shi ke kawo buhunan duwatsun duk Talata. Mutum ne mai himma. Tafiyar da ke cin yini guda, shi kafin azahar ya dawo, ko gajiya babu.

Ya'ƙub ya rubuta abin da ya gani: dutsen ruɓaɓɓe ne, ruwan kwata ya cinye cikinsa, 'yar ƙaramar girgiza ma za ta zubo da shi.

"Kwata a hamada?" in ji farfesansa. "Yalla, je ka gyara."

Ya'ƙub ya ce atafau. Ya ga abin da girgizar ƙasa ta jawo wa tashar nukiliya a Japan, ba da hannunsa za a binne bayin Allah ba. Aka yi masa murmushi, aka ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, aka janye tallafin. Manya in za su yanka ka, da ladabi suke yi.

Gidan hayarsu na unguwar Hayyus Sabi' ya gagare su. Hussain ya samo musu ɗaki mai araha a tasa unguwar, a gindin dutsen Muƙattam. Matar Ya'ƙub, Fiddausi, ta kwashe tukwanenta, ta goya 'yarsu Hanifa, suka koma can. Abin ya yi masa ɗaci ƙwarai, sai dai yana rarrashin kansa cewa ko ba komai ya ceci mutanen da ba su ma san da shi ba.

Wata Talata da hantsi Fiddausi ta ce, "Abban Hanifa, don Allah duba mai buge-bugen nan a bayan ɗaki. Yarinya ta kasa barci, ƙasa sai zubo mana take yi daga rufi."

Ya zagaya. Hussain ne, guduma a hannu, buhunan ɗakin gwaji a gefe. Dutsen ya sunkuyo a kan rufin, yana tsiyayar da baƙin ruwan kwata.

"Ma'alish, Dakta, ka rufa min asiri," in ji Hussain yana 'yar dariya. "Tun da mutanen yankin suka tare hanya ban sake zuwa filin ba. Ai dutse dutse ne. Duk wanda ka taɓa gwadawa, daga nan bayan ɗakinka na fasa shi."