Yatsan Kaka a Gindin Tulu

Auta ta buɗe tanderun gasa tukwane na sashensu na jami'a, ta tarar tulunta na tara ma ya tsage. Zango guda tana gwaji. Ta cuɗa yumɓu da garin kwalba, ta cuɗa da garin katako, har tokar tsofaffin takardunta ta zuba. Ga shi gobe za a ba da maki, kuma wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Sai ta wuce gidan kakarta, wadda ta shekara hamsin tana ginin tukwane. Ta faki idon tsohuwar ta ɗauke tulu ɗaya, ta shafe shi da shuɗin fenti, ta naɗa masa wayoyin matacciyar rediyo don ya yi kama da aikin zamani.

Washegari Farfesa ya ƙwanƙwasa tulun, ya kifa shi. A gindinsa akwai shatin babban yatsa mai tabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kowa ya fita ban da ita.

"Ba ke kika gina wannan ba."

Ta fara lissafin abin da za ta faɗa a gida idan aka kore ta.

"Tsohuwar nan ta bayan kasuwa, mece ce ɗinki?"

"Kakata ce, ranka ya daɗe."

"Gobe ki kawo fasassun naki, su zan ba maki." Ya tura ƙofa, ya rage murya. "Kuma ki gaishe ta. Ki ce mata randar da ta ciyo mini lambar yabo ta fara tsagewa, ko za ta duba mini a ɓoye?"