Ƙorafin Lamba Bakwai

Abu biyu aka rasa a gidan nan cikin mako ɗaya: Baba, da kuma ƙorafin Lamba Bakwai.

Auta ce ta gina shafin. Wata ƙungiya ta ɗauke ta aiki ta tsara shafin intanet da zai koya wa mutanen unguwanni irin tasu aikin kwamfuta, tun daga kunna ta har gina shafi, ko sa samu abin yi. Darasi goma sha biyu, kyauta, a waya. A teburin falo take aikin, tsakanin fulas ɗin shayin Baba da farantin albasar Umma.

Ranar da ta buɗe shi mutum arba'in suka shiga. Shafin ba ya tambayar suna, lamba yake bai wa kowa. Kafin wata ya zagayo duk sun watse, sai Lamba Bakwai. Shi kuwa ya zame mata ƙarfen ƙafa. Kullum bayan Azahar sai ya ajiye mata saƙo a akwatin ƙorafi.

"Wannan maɓallin don yatsan sauro aka yi shi?"

"Turancin darasi na uku, ko mai Turancin sai ya nemi tafinta."

"Idan hannu da maiƙo ba ya dannuwa."

"Darasi ɗaya ya fi tafasar tukunya daɗewa. Wa ke da wannan lokacin?"

Auta takan karanta su da ƙarfi tana huci. Wata rana ta tsare yayanta, mai gyaran waya, a bakin ƙofa.

"Yaya, kai ne. Rantse!"

"Ni? Ni da ko saƙonki ba na buɗewa? Ki dai tambayi Umma abin da ya sa miyarta ke ƙauri kwanan nan, wannan ne ƙorafina."

"Ka girka taka," in ji Umma daga kicin. Ita ba ruwanta da maganar shafi. Aji huɗu ta tsaya a makaranta, wayarta ma 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ko hoto ba ta ɗauka.

Baba ya yi dariya har da tari. Kafinta ne, kowane yatsa nasa kamar guntun katako. "Auta, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba." Ya kai wayarsa caji kicin, don soket ɗin can ne kawai mai lafiya a gidan, ya shige ɗaki barcin rana.

Tana mita tana gyarawa. Ta ƙara wa maɓallai girma, ta mayar da bayani cikin harshen gida, ta datse kowane darasi ya koma minti goma. Abin mamaki, mutane suka fara dawowa: mai ɗinki, mai shagon katin waya, 'yan mata biyu daga layin baya. Sai dai tafiyarsu ta hawainiya ce, wanda ya fi nisa yana darasi na huɗu.

Ƙungiya kuwa ta kafa sharaɗi. Idan shekara ta cika ba a samu ko mutum ɗaya da ya gama darasi goma sha biyun ba, za a rufe shafin. Lamba Bakwai ne kaɗai ya kai na goma sha ɗaya. Auta da ke yi masa Allah wadai ta koma yi masa addu'ar tsawon rai.

Sai Baba ya kwanta ciwo. Kwana uku, Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi zaman makoki aka watse. Akwatin ƙorafi shiru.

Yaya ne ya buɗe wayar Baba don ya nemo lambobin masu kujeru a shagonsa. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya tsaya cak, ya miƙa wa Auta. Ga shafinta a buɗe, ga lamba bakwai a sama.

Auta ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. "Yatsan sauro! Tsohon nan, ashe shi ne yake gasa ni, yana kuma yi min karin magana!"

"To saura darasi ɗaya," in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Ki ƙarasa masa mana. Wa zai sani?"

"Ba zan yi ƙarya da sunan Baba ba. A rufe."

Ta kulle wayar a aljihun teburinta. Umma da ke tsaye da ludayi ta buɗe baki kamar za ta yi magana, hawaye suka riga ta, ta koma kicin.

Yau ce ranar ƙarshe. Auta ta fita da safe zuwa ofishin ƙungiyar, ta je ta faɗa musu da bakinta cewa ɗalibinta ɗaya tilo da ya kusa gamawa ya rasu. Makullin aljihun tebur yana ƙarƙashin fulas ɗin Baba, inda take ɓoye komai tun tana yarinya.

Darasi na goma sha biyu ba wuya. Cewa ya yi: gina shafinka da kanka, ka rubuta abin da ka ga dama a kai, ka danna Aika.

To, ga shi, shi ne wannan da kuke karantawa. Auta, maɓallin Aika har yanzu ya yi ƙanƙanta, kuma miyar yau ma ta kama. Ku kuma da kuka karanta, ku taya ni cewa Allah ya jiƙan mijina, wanda ya shekara yana barcin ƙarya bayan Azahar don in samu aron wayarsa, bai taɓa tona ni ba.