Tayil ɗin Makewayin Inna

Inna ta faɗi a makewayi, ƙugunta ya karye. Makewayin da na sa wa tayil bara, har maƙwabta na zuwa kallo.

Na ce, "Inna, wa ya zubar da ruwan sabulu?"

Ta sunkuyar da kai. "Matarka ta yi wanki ɗazu."

A ranar na saki Ikilima, saki na uku.

Da mai ɗori ya zo daga Sandamu, ina bakin ƙofa na ji Inna tana ce masa, "Ba wani sabulu, Malam. Sau huɗu tayil ɗin nan yana kayar da ni. In ɗanka ya yi maka alheri, da wane baki za ka kushe?"

Inna ta yi min kara. Ikilima kuwa ta haramta gare ni, ga 'ya'ya biyar.